Doyar Gwaggo Telesia

Losaline ta tsaya a gaban teburin ta riƙe ƙugu, tana kallon doyar da aka jera a kai kamar wadda aka nuna wa mushe.

"Wai wannan ce doyar?"

Saurayin da ke bayan teburin ya ɗago kai daga wayarsa. Dogo ne kakkaura, ya juya hular 'yan ƙwallo baya, ga wata wushirya da ita kanta ba ta san dalilin da ya sa idonta ya sauka a kanta ba. Ya amsa da harshen gida, na Tonga, amma irin na yaran da aka haifa a nan Auckland, wanda kowace kalma sai ta yi tuntuɓe kafin ta fito.

"Ita ce, 'yar'uwa. Mai kyau ce. Sabuwa."

"Sabuwa?" Ta ɗauki guda ta jujjuya, ta ajiye, ta goge yatsunta a jikin siket. "A Vava'u ko aladu aka zuba wa wannan sai sun kai ƙara wajen mai gari."

Tun da ta baro Vava'u, tsibirinsu a Tonga, ta zo karatun jinya, a gidan Gwaggo Telesia take zaune, yayar babanta, kuma duk Asabar ita ake aika cefane kasuwar unguwarsu, Mangere. Ba abin da ya taɓa burge ta a wurin. Kasuwa a filin ajiye motoci! Rogo a leda ya daskare kamar dutse, gwaza an wanke ta fes har ba ta ƙanshin komai, madarar kwakwa a gwangwani. Tsakin da take yi daga bakin kasuwa zuwa ƙarshenta ya isa ya kori tsuntsayen garin.

Amma yau ba cefanen banza ya kawo ta ba. Gobe bikin shekara na coci, kuma Gwaggo ta riga ta cika baki a gaban mata cewa ita za ta ajiye wa sabon fasto kahokaho, doguwar doyar nan ta manya.

"Kahokaho nake nema," in ji Losaline. "Ka ma taɓa jin sunanta?"

Ya sosa ƙeya. Ya waiga ko zai hango mahaifiyarsa, wadda ta tafi sayen shayi, bai gan ta ba. Sai ya durƙusa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, nannaɗe da jarida.

Losaline ta ware jaridar. Doya ce sambal, ta kai daga yatsunta zuwa kafaɗa har da saura, fatarta ba ko ƙwarzane. Ko a gida wannan ta shiga gaban kowa. Ta biya ba ta ce uffan ba, don kada ya ga ta yaba. Ta buɗe jakarta, ta dubi doyar, ta dubi jakar.

"Oh ni. Yanzu ta yaya zan shiga bas da wannan?"

Da kanta take magana. Shi kuwa ya ɗauka da shi ake.

"Ai mai sauƙi ne."

Ƙas!

Kafin ta ɗago, wuƙar da yake raba wa Turawa kabewa da kankana ta riga ta ratsa doyar. Gida biyu, farar tsokarta tana nason ruwa a kan jarida. Ya tura mata yana murmushi, yana jiran godiya.

Tsohuwar da ke teburin kusa ta ɗora hannu a ka. Mai kifi ya bar kifinsa ya leƙo. Kowa a layin ya san doyar da za a kai wa babba ba a yanka ta, ba a ko karce fatarta. Yankakkiya ta tukunya ce. Wanda ya ajiye ta a gaban babba, ragowa ya ba shi.

"Kai..." Losaline ta nuna shi da yatsa. "Kai wane irin ɗan Tonga ne? A firji aka haife ka?"

"Na ga kamar jakar..."

"Rufe mini baki! Ɗan firji kawai!"

Mahaifiyarsa Mafi ta iso a guje, shayi na zuba a hannunta, tana ba da haƙuri tana dukan kafaɗarsa lokaci guda. "Kelepi, ka kashe ni! Kelepi!" Losaline ta cusa dogon ɓarin a jaka don Gwaggo ta ga shaida, ta tura masa ɓangaren kan da ɗan yatsa ɗaya.

"Riƙe. Ka sa a firjin ku."

Washegari Gwaggo Telesia ta ajiye gajerun doya irin na kowa a gaban fasto, wata mata da ba sa ga maciji kuma ta ajiye doguwa tana gyara zama. Suka dawo gida. Sai da Gwaggo ta kwance tabarmar ƙugunta, irin wadda 'yan Tonga ke ɗaurawa bisa tufafi don girmamawa, ta ninke, sannan ta ce, "Ɗan wa kika ce?"

"Ɗan Mafi, Gwaggo. Kelepi."

"Na riƙe sunan."

Losaline ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka layin ba. Abin haushin shi ne duk kasuwar babu mai ganyen gwaza mai laushi sai Mafi, Gwaggo kuwa ba ta yin Lahadi ba tare da ƙullin ganyen nan da haƙarƙarin rago ba. Dole ta koma, fuska a murtuke, tana magana da teburin maimakon mai teburin.

"A ba ni ganye. In kuma shi ma sai an datsa, a faɗa mini in tafi."

"Barka da zuwa, Gimbiyar Tsaki."

Ta ɗago a fusace. Ya sunkuyar da kai yana ƙulla ganyen, amma wushiryar tana leƙowa.

Mafi ce ta karɓi lambarta don a riƙa ajiye mata kaya. Ba Mafi ce ta yi amfani da ita ba.

"Ɗan Firji ne. An kawo ganye mai kyau, na ɓoye miki. Ban yanka komai ba, na rantse."

Ta karanta a ɗakin karatu, ta taɓe baki, ta rubuta:

"Sannu da ƙoƙari. A ba ka kambu?"

"Murmushi ɗaya ya ishe ni."

"Ya ƙare a kasuwa."

"Zan jira jirgi na gaba."

Ta kifa wayar a kan littafi. Ƙawarta da ke gefe ta tambaye ta abin da take yi wa dariya, ta ce wani sakarai ne.

Sakaran ya fara raka ta tashar bas da jakunkuna. Tana gaba yana biye, tana gyara masa harshe kamar malamar firamare. Wata Asabar ruwa ya tsuge, ya ɗauko motar kayansu, ta shiga tana yatsina saboda warin albasa. A hanya ta ce ita har yau ta kasa gane yadda namiji zai girma bai san darajar doya ba.

Ya rage gudun motar.

"Babana ya rasu ina ƙarami," ya ce. "Inna aiki biyu take yi. Wa zai zaunar da ni ya koya mini? A makaranta ɗan tsibiri ne ni, a coci Bature. Na saba, Line. Naki tsakin dai ya fi na kowa daɗin ji."

Ta juya ga taga.

"Ke fa?" ya ce. "Kin taɓa shuka doya?"

"Aikin maza ne."

"To ashe ni da ke duk a tukunya muka san ta."

Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, ya kama hannun a iska, ya riƙe. Ba ta ƙwace ba sai da suka shigo layinsu.

Daga ranar saƙonnin suka sauya launi, ko da yake bakinta bai sauya ba.

"Line tawa, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, an narke maka naka?"

"Ina tunaninki har na kusa kifar da kaya a wurin aiki."

"In sun kore ka kada ka zo mini da kuka." Ta tura, ta kalli wayar, sannan ta ƙara: "Ka kula da kanka, Ɗan Firjina."

A Mangere ba a ɓoye komai. Matan coci suka kai wa Gwaggo Telesia labari da zafinsa. A wurin mutanen Tonga kuwa maganar gwaggo a kan 'ya'yan ƙanenta ta fi ta uban da ya haife su. Ita ke raɗa suna, ita ke zama a saman tabarma ranar biki, in ta ce a'a an gama.

"Zauna," ta ce da Losaline. "Na ji wai kina shiga motar albasa."

"Gwaggo, mutumin kirki ne."

"Kirki! Kare ma yana da kirki. Yaron da ko gaisuwa bai iya haɗawa ba? Yaron da ya sa na zama abin dariya a gaban fasto? Ki buɗe kunnenki, 'yar nan. Hannun da ya yanka doyar nan ba zai riƙe hannun 'yar ƙanena ba."

Losaline ta kira babanta a Vava'u tana kuka. Ya saurare ta har ta gama, kaji na cara a bayansa, sannan ya ce a hankali, "'Yata, abin da Yaya ta ce shi ne."

Gwaggo tana da nata gwanin. Malakai, ɗan ma'ajin coci, mai mota baƙa da turaren da ke riga shi shigowa ɗaki. Ya iya gaisuwa, ya iya ɗaurin tabarma, ya iya addu'a doguwa mai sa shinkafa ta huce. In ya zauna a falo, labarin Malakai yake ba ta daga farko har ƙarshe. Losaline ta kan zuba masa shayi tana kallon yatsunsa masu santsi kamar na jariri, tana mamakin yadda mutum zai cika kujera haka kuma ɗakin ya zama kamar ba kowa.

Shi ne ya jefa mata maganar wata Lahadi, yana goge bakin kofi.

"Mai kabewar nan naki yana da ƙoƙari. Kullum aka tashi aiki motarsa na ƙofar gidan Baba Sitani. Kin san 'yarsa Vika ai? Kyakkyawa."

Ta yi dariya, ta ce ina ruwanta. Amma ta tuna kwanan nan Kelepi ya yi wuyar gani, in ta tambaya sai ya ce aiki. Washegari da la'asar ta sauka daga bas a unguwar da ba tata ba, ta tsaya bayan wata bishiya. Ga motar albasa. Ga Kelepi a bakin ƙofa ya miƙa hannuwa, Vika na zuba masa ruwa daga buta, su biyun suna ƙyaƙyata dariya.

Ta zaro waya ta rubuta masa:

"Na gan ka. Ka gaida Vika."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Saƙo ya shigo:

"Line, ba abin da kike zato ba ne. Akwai abin da nake yi a gidan, amma ba zan faɗa miki ba sai ya yiwu."

"Saboda me?"

"Saboda in ya lalace ba zan iya da dariyarki ba. Ta kowa zan iya, ban da taki."

"To ka riƙe sirrinka. Gwaggo ta yi gaskiya, ni ce na zubar da kaina. Kada ka sake nemana."

Ta toshe lambarsa, ta shige bargo, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da ta baro gida.

Ta daina bin layin Mafi. Ta koma sayen ganye a wani tebur can ƙarshen kasuwa, ganye mai tauri, wanda duk daɗewarsa a wuta sai ya yi ƙaiƙayi. Gwaggo ta ci ta kwana tana kakarin maƙogwaro, tana tsine wa ƙasar da ko ganyenta ba shi da tarbiyya. Zafi ya wuce, iska ta fara sanyi, itatuwan layin suka fara zubar da ganye. Dangin Malakai suka aiko da kahokaho uku da aka yo musu odarsu daga gida, aka jera su a falo a kan tabarma, alamar suna tafe neman aure. Losaline ta kan wuce su kamar ta wuce kabari. Ta rame. Ko tsakin ma ta daina.

Wata Asabar tana zaɓen ayaba, aka dafa kafaɗarta.

"Ke ce Gimbiyar Tsaki?"

Vika ce, da zoben alkawari yana walƙiya a yatsanta. Losaline ta dube ta sama da ƙasa.

"Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Don Allah zo ki kwashe mahaukacinki daga bayan gidanmu. Ya ƙwaƙule mana fili, ya hana babana barcin rana, ni kuma na zama mai zuba ruwan wanke hannu. Saurayina har ya fara tambaya. Yau ake haƙa, kuma wallahi in ba ki zo ba a ramin zan bar shi."

"Haƙa me?"

"Ke dai taho, kin cika tambaya."

A bayan gidan Baba Sitani an kafa wata rumfar leda, an tokare ta da katakai da tsofaffin tayoyi. A ciki wani yaɗo ya hau sanda har sama, ganyensa ya bushe ya yi ja. Tsohon yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni da sandarsa. A ƙasa kuwa Kelepi ne kwance rub da ciki, hannunsa ya nutse a rami har kafaɗa, yana yaƙutar ƙasa da yatsu.

"A hankali, ɗan banza!" in ji tsohon. "In ka karce ta sai na karce ka!"

Losaline ta tsaya kamar an dasa ta. Tsohon ya dube ta, ya nuna ramin da haɓa.

"Kan doyar da kika bar masa ne. Ya zo mini da shi a jarida kamar mai ɗauke da gawa, wai gidansu siminti ne ko'ina, in koya masa. Na ce ƙasar nan sanyi gare ta, ba za ta yi ba. Ya ƙi ji. Muka shafe yankan da toka muka binne. Tun ranar nan ban huta ba."

Kelepi ya ɗago. Fuskarsa duk ƙasa, farcensa biyu sun fashe. Da ya gan ta sai ya yi sauri ya sa jikinsa ya kare bakin ramin.

"Kada ki duba, Line. Ƙarama ce. Ban san ma ko..."

Ta zube a gwiwa cikin taɓo da siket ɗinta na kasuwa, ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Duk watannin nan? Saboda ni?"

"Na yanka miki guda. Na ce sai na mayar."

"Kuma ka bar ni ina zaginka."

"Ai na saba."

"Kada ka saba!" Hawaye suka ɓalle mata. "Kada ka ƙara sabawa, ka ji? Bakina ne ya sa ka ɓoye mini. Ka yafe mini, Kelepi."

Karon farko ke nan da ta kira shi da sunansa. Ya lumshe ido kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi a tsakar rana.

"Sake faɗa."

"Ɗan Firji," ta ce tana dariya tana kuka. "Ci gaba da haƙa, kada ka karce mini doya."

Ranar Lahadi da yamma ya zo gidan Gwaggo tare da Mafi da kawunsa mai magana da yawunsu. Ya ɗaura tabarmar ƙugu a karkace. Suka zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, Gwaggo Telesia tana bisa kujerarta, kahokahon Malakai uku miƙe a gefenta kamar dogarai. Losaline na laɓe a ƙofar kicin.

Kawun ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ƙasƙantar da kansu yadda aka saba, sannan ya turo kwandon gaba ya yaye ganyen ayaban da aka rufa.

Kai, doyar nan ba ta da kyau. Gajera ce, ko gwiwar hannu ba ta kai ba, ta karkace, ƙasanta ya rabu biyu kamar ƙafar tsohon da ya sha tafiya.

Gwaggo ta leƙa. Ta dubi na Malakai, ta sake leƙawa. Sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Mafi, da wannan kuka zo neman 'yar ƙanena? Wannan doya ce ko citta? Wane maƙiyinku ne ya sayar muku?"

Mafi ta sunkuyar da kai. Kawun ya buɗe baki, amma Gwaggo ta riga ta miƙa hannu ta ɗauki doyar da yatsu biyu don ta ƙara nuna wa ɗakin. Wani abu ya zubo mata a cinya.

Ƙasa.

Dariyar ta tsaya. Duk doyar da ke shigowa ƙasar nan sai an wanke ta tas kafin a bar ta ta wuce bakin ruwa, ko ƙwayar ƙasa ba a yarda ta biyo ta ba. Na Malakai ma ga su nan fes kamar an yi musu wanka da sabulu. Wannan kuwa ƙasa ce a jikinta, baƙa, da damshinta, da 'yan jijiyoyi farare da ba su ko bushe ba.

Gwaggo ta murza ƙasar tsakanin yatsunta. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Tun tana budurwa ta baro gida, kuma tun ranar ba ta sake riƙe doya sabuwar haƙa ba. Losaline ta ga leɓen Gwaggonta na rawa, abin da ba ta taɓa gani ba.

"Babanmu in ya dawo daga gona," in ji Gwaggo, ba da kowa take ba, "haka hannunsa yake ƙanshi."



Ta buɗe ido, ta jujjuya doyar a hankali, tana bin fatarta da babban yatsa daga kai har ƙasa, tana neman ƙwarzane. Ba ta samu ba. Sai ta tsallake kawun, ta dubi Kelepi kai tsaye.

"Kai. A ina?"

"A nan, Gwaggo. Bayan gidan Baba Sitani. Kan waccan ce... wadda na ɓata miki."

"Da me ka haƙa?"

Ya rasa kalmar. Sai ya miƙa hannuwansa kawai, da fasassun farce da sauran baƙi a ƙarƙashinsu.

Gwaggo ta ja tsaki, irin wanda Losaline ta gada.

"Mummuna ce," ta ce. "Ban taɓa ganin doya mai muni irin wannan ba. Ta yi kama da mai ita. Kuma dubi ɗaurin tabarmarka, kamar an ɗaure buhun gawayi." Ta share ido da bayan hannu a fusace, kamar idon ne ya yi mata laifi. "Losaline! Na san kina nan a laɓe. Kawo wuƙa."

Losaline ta kawo. Gwaggo ta karɓa, ta juya ƙotar, ta miƙa wa Kelepi.

Ya ja da baya kamar an nuna masa maciji.

"Karɓi mana! Da ba wanda ya sa ka ai ka iya. Wannan ba ta fasto ba ce, tawa ce, kuma yau zan ci abata. Yanka. Kan kuma ka mayar da shi ƙasa. Baɗi ina son wadda ta fi wannan, don ba na karɓar irin wannan abin kunya sau biyu daga hannun suruki."

Sai da kalmar ta zaga ɗakin ta dawo sannan Mafi ta fashe da kuka. Kawun ya shiga jero godiya. Kelepi ya dubi Losaline, wuƙa a hannu, ido cike da ruwa, ita kuma ta gyaɗa masa kai.

Ƙas!

Washegari aka mayar wa dangin Malakai doyarsu uku, lafiya lau, ba ko ƙwarzane.

An ɗaura auren da sanyi ya wuce, a cocin da Gwaggo ta taɓa jin kunya. Babanta ya zo daga Vava'u da tabarmi masu laushi da aka daɗe ana ajiye wa ranar. Gwaggo Telesia ta zauna a saman tabarma, a mazauninta, ta soki miya, ta soki mawaƙa, ta soki takalmin ango. Da aka ce ta sa albarka sai ta miƙe, ta dafa kawunansu biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, su ɗauko haƙurin ubansu, kada su ɗauko bakin uwarsu. Abin da kuka binne a ƙasar nan Allah ya raya shi."

Coci ya amsa da amin har rufi ya ɗauka.

A mota, amarya ta jingina da kafaɗar angonta, ta zaro wayarta daga cikin furanni ta yi rubutu. Tasa ta yi ƙara a aljihu.

"Ɗan Firjina, Asabar ni zan tsaya a tebur. Wuƙar kuma a hannuna za ta zauna."

Ya karanta, wushiryar nan ta bayyana, ya rubuta:

"Duk abin da ke teburin naki ne, Gimbiya. Har mai teburin."

Ta ja ɗan ƙaramin tsaki, ta kama hannunsa mai fasassun farce, ta riƙe gam.